Divya Bharti: yaushe labarin mutuwarta ya iso gare ku?

Mai buɗe zance, daga Zariya:
Assalamu alaikum. Jiya da dare na ci karo da wani yanki na fim ɗin Deewana a wayar ɗana, kuma tun daga lokacin fuskar Divya Bharti ta ƙi barin raina. Ga waɗanda ba su riske ta ba, an haife ta a Bombay ranar 25 ga Fabrairun 1974, ta mutu daren 5 ga Afrilun 1993 bayan ta faɗo daga hawa na biyar na gidan da take zaune a unguwar Versova, tana da shekara 19. Shekara uku kacal ta yi tana sana'ar, amma ta fito a fim kusan 20. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, ni dai sai da na shekara biyu ina kallonta, har ina cika baki a makaranta cewa ita ce za ta gaji Sridevi, kafin wani ɗan ajinmu ya gaya mini cewa yarinyar ta mutu tun kafin in fara ganinta. Na ƙaryata shi har muka kusa ba hammata iska. Ina so in ji ko akwai waɗanda hakan ta faru da su.

Tsohon mai hayar kaset, daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, domin a wancan zamani kaset ya fi labari saurin tafiya. Ina da shagon hayar kaset ɗin bidiyo a lokacin, kuma ina iya tuna shigowar Vishwatma, wanda da shi ta fara fitowa a fina-finan Hindi a farkon 1992. Maza sun karɓe shi ne saboda Sunny Deol da faɗace-faɗacen da ke ciki, amma da kaset ɗin ya zaga gidaje ya dawo, sai na lura zarensa ya cinye a wuri ɗaya tak, daidai waƙar Saat Samundar, saboda yawan mayarwa baya da ake yi. Sau biyu ina buɗe shi da sukundireba ina yanke inda ya tauye ina liƙewa da salatif.

Yawancin masu karɓar kaset a wurina matan aure ne da ba sa fita, sai dai su aiko yaro da kuɗi da 'yar takarda. Babu wadda ta taɓa rubuta mini sunanta daidai. Abin da ake rubutowa shi ne a ba su na yarinyar nan mai manyan idanu, ni kuwa na san wadda ake nufi. Labarin mutuwarta ya zo mini ne daga bakin wani Ba'indiye da ke aiki a wata masaƙa, wanda yakan biyo ta shagona ranar Lahadi. Ya kawo mini mujalla mai hotonta a bango, ya nuna da yatsa, ya kwatanta faɗowa da hannunsa. Na manna hoton a ƙofar shago, amma mutane da yawa suka ƙi yarda, kuma suna da hujjarsu, tunda bayan watanni sai ga sabon fim ɗinta mai suna Rang ya shigo kasuwa. Na gaji da yi wa mutane bayanin cewa an ɗauke shi ne tana da rai.

Wata malamar makaranta, daga Damagaram:
Baba mai kaset, Allah ya ƙara lafiya, ka tuna mini da gidanmu. Mu ma ɗan aike muke turawa. Na kalli Deewana ne tare da goggona, wadda ba ta fi wata guda da fita takaba ba, kuma ba mu san abin da fim ɗin ya ƙunsa ba, da ba mu sa shi a gabanta ba. A fim ɗin, Kajal, wato Divya, ta auri mawaƙi, wato Rishi Kapoor, ana cikin daɗin amarci sai aka kai masa hari aka ɗauka ya mutu. Daga nan yarinyar da ta cika allo da dariya da tsalle-tsalle ta koma sanye da farin sari, ba kwalli ba awarwaro, tana zaune da uwar mijinta. Abin da ya kama ni shi ne yadda ta daina kallon mutane ido cikin ido, ko ana yi mata magana sai ta kafa ido a ƙasa kamar wadda aka kira daga nesa. Goggo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, amma ta ajiye tsintar wake da take yi ta ce wannan yarinya ta san mutuwar miji. Shekarar Divya 18 a lokacin.

Har yau mutane suna tuna fim ɗin a matsayin na farko da Shah Rukh Khan ya fito, alhali shi sai bayan an yi nisa yake shigowa a kan babur. Nauyin labarin tun daga farko har ƙarshe a wuyanta yake. Inda uwar mijin da kanta ta matsa mata ta sake aure kuwa, mun daɗe muna muhawara a kansa a tsakar gida. Labarin mutuwar Divya yayata ce ta kawo shi daga Kano wajen wani biki, kuma mun ɓoye wa Goggo har ta bar duniya.

Wani ma'aikacin gidan rediyo, daga Kaduna:
Hajiya, na yarda da duk abin da kika faɗa game da Deewana, kuma lambar yabon Filmfare ta sabuwar jaruma da aka ba ta a kansa ta cancanta. Sai dai ina ganin kewa tana sa mu manta cewa a 1992 kaɗai ta fito a fim fiye da goma, kuma da yawansu an yi su ne cikin gaggawa, ba a ba ta komai ba sai rawa da shagwaɓa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da ba ta ƙarasa ba. An yi nisa da ɗaukar Laadla da ita da Anil Kapoor, a matsayin mai masana'anta mai girman kai da zafin baki, kafin ta mutu a sake ɗauka da Sridevi, ya fito a 1994. Wasu daga cikin fitowar da aka ɗauka da ita suna nan a YouTube. Na jera su da na Sridevi na kalla, kuma ko da yake Sridevi ta fi ta iya sarrafa murya da sanin inda za ta dakata, akwai wata tsiwa ta ƙuruciya a fuskar Divya da ta sa na fi jin tsoron matar. Mohra ma da ita aka fara kafin Raveena Tandon ta karɓa. Ni a gidan rediyo na ji labarin cikin makon da abin ya faru, don haka ban shiga sahunku ba.

Wani da ya yi karatu a Hyderabad:
Ni ban riske ta ba, amma na yi mamakin samun hotonta a shagon wani mai aski a can. Su ba da Deewana suke tunawa da ita ba. A wurinsu ita ce yarinyar Bobbili Raja, fim ɗin harshen Telugu da ta yi da Venkatesh a 1990 tana da shekara 16, sannan ta fito da Chiranjeevi a shekarar da ta biyo baya. Mai askin ya ce su suka fara saninta kafin Bombay ta karɓe ta, kuma ya faɗe shi ne da jin haushi.

Wata 'yar Jos:
Ina da tambaya ga manya. Na sha jin cewa ta musulunta lokacin da ta auri furodusa Sajid Nadiadwala a 1992. Shin rasuwa za mu ce ko mutuwa, kuma ana yi mata addu'a?

Ma'aikacin gidan rediyo:
Ƙanwata, an ruwaito cewa ta musulunta har aka sa mata suna Sana, kuma an ƙone gawarta bisa al'adar Hindu kwana biyu bayan faɗuwar. Abin da ke zuciyarta Allah ne masani, hukuncin addu'a kuwa na malamai ne. Game da jita-jitar da aka yi ta yaɗawa kan musabbabin faɗuwar, 'yan sandan Mumbai, wato Bombay, sun rufe binciken a 1998 a matsayin haɗari, kuma a nan ya kamata mu tsaya.

Tsohon mai hayar kaset:
Malama ta Damagaram, Allah ya ji ƙan Goggo. Kin sa na tashi na buɗe tsohuwar akwatin da na zuba ragowar kayan shago. Kaset ɗin Deewana yana nan, takardar jikinsa ta yi ja, amma na'urar da zan sa shi a ciki ta mutu tun shekarun baya. Idan akwai wanda ya san mai gyaran bidiyo da ya rage a Kano, ya sanar da ni.