Argungu ko ruga: ina ya kamata a kai yara hutu?

Malam Umaru ne ya tayar da zancen a zauren iyayen unguwa: wai kai yara bikin kamun kifi na Argungu kallo ne kawai, ba sanin al'ada ba, kwana biyu a rugar Fulani ya fi shi.

Malam Umaru: Ina nan kan bakana. Kamun kifin a Matan Fada bai wuce kamar awa guda. Yaro ɗan shekara 7 yana bayan dubban mutane, ƙura da rana, abin da zai gani ƙeyar manya ce. A ruga kuwa da asuba zai ga an kwance maraƙi daga dangwali, ya fara tsotsa sai nono ya sauko, a janye shi a tatsa. Wanga ba ya mantuwa.

Hajiya Inno: Malam, ka rage wa Argungu daraja. Bikin ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Tarihin gidanmu ne. Laifin na masu zuwa ranar ƙarshe ne kawai. A je kwana biyu kafin babban kamun kifin, a fara da gidan tarihi na Kanta, a kalli kabanci, wato wasannin ruwa, sannan a sami masunci ya nuna wa yara homa da gora, yadda ake kwanciya kan gorar a yi iyo, a kuma zuba kifi a cikinta. Amma kada ƙafar yaro ta taɓa ruwan, tsargiya ba ta san biki ba.

Baffa Sambo: Ku duka kun tsallake babban abu. Ruga ba wurin kallo ba ce, gidan mutane ne. Ba a faɗa mata haka kawai. Sai an sami wanda suka sani ya kai magana ga Arɗo, ya ba da rana. Lokacin da ya dace kaka ne, Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da shanu ke cin kara a gonaki kusa da gari. Da rani galibin garken ya yi nisa wurin neman ruwa, tsofaffi da 'yan maruƙa za ku tarar.

Tsaraba: goro, sukari, ganyen shayi, gishiri da kanwa don shanu. A damƙa wa maigida, kada a raba wa yara kuɗi, roƙo ake koya musu. A kuma ja wa naku kunne kan abu uku tun daga gida. Ba a tambayar mutum yawan shanunsa. Ba a ɗaukar hoton mace sai ta yarda. Ba a matsar saniya mai sabon maraƙi, tunkuyi take yi. Idan an yi musu magana suka sunkuyar da kai, ba wulaƙanci ba ne, kunya ce, tana cikin abin da Fulani ke kira pulaaku. Yaro ya iya gaisuwar safe ta Fulatanci "Jam waali?" da amsarta "Jam tan", ya ga yadda fuska ke sakewa.

Malama Hadiza: Baffa, a ƙara da ciki. Ɗanyen nono na iya ɗauke da cutar da ke sa shanu ɓari, a mutum kuma zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A tafasa madara kafin yaro ya sha, kuma a faɗa wa uwargida da ladabi cewa cikin ɗan birni ne ba ya ɗauka. A tafi da gidan sauro da ruwan sha. In gudawa ta zo, a haɗa wa yaro ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu cika gishiri su ke ƙara wa yaro wahala.

Hajiya Inno: To wace rugar? Yankin Isa da Sabon Birni ba wanda zai kai ɗansa yanzu saboda rashin tsaro.

Baffa Sambo: Gaskiya ne, Hajiya. Sai ta kusa da gari, inda waya ke kamawa, a je bayan asuba a dawo kafin magariba.

Malam Umaru: Wato kun rage mini kwana biyun zuwa wuni ɗaya.

Malama Hadiza: Tatsa da safe ake yi, Malam. Ƙarfe 6 ku kasance can.