Wane Bos Ne Ya Fi Mugunta a Wasannin Bidiyo? Abin da Aka Tattauna

Jama'a, muhawarar da aka yi kan wane bos (babban abokin gaba da ɗan wasa ke karawa da shi) ne ya fi mugunta ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda ƙarfi daban, mugunta daban. Shao Kahn na Mortal Kombat II (1993) ƙarfin tsiya ne da shi, amma ba a riƙe shi a zuci bayan an kashe na'ura.

2. Inda aka fi ja-in-ja shi ne Kefka da Sephiroth. Masu goyon bayan Kefka (Final Fantasy VI, 1994) sun ce shi kaɗai ya cika burinsa: ya zuba guba a ruwan masarautar Doma, ya hallaka mutanen fadar, ya ruguza duniya yana ƙyalƙyala dariya. Ɗaya ɓangaren ya ce Sephiroth (Final Fantasy VII, 1997) bai kai ga ruguza duniya ba, amma ya soke Aerith, abokiyar tafiyar jarumin wasan, da doguwar takobinsa tana durƙushe tana addu'a, kuma wannan ya fi ƙona rai. Ni dai ina tare da 'yan Kefka.

3. Ganondorf na The Legend of Zelda: Ocarina of Time ya mulki ƙasar Hyrule shekara 7 Link, jarumin wasan, yana barci. Ba a yi musu a kansa ba.

4. Bowser na Super Mario, an ce ya zama ɗan gida, ba ya ba kowa tsoro.

5. Da yawa sun kawo GTA San Andreas (2004). Tenpenny ba shi da tsafi, ɗan sanda ne mai cin hanci da ya ɗora wa CJ, jarumin wasan, kisan da bai yi ba. Wasu suka ce Big Smoke ya fi shi, domin aminin CJ ne, ya ci amanarsa.