Hayar mota ko bas don zagayen ƙauyuka? Lissafi ya ƙi fita

Assalamu alaikum. Mu uku ne za mu yi tafiyar kwana 6 cikin karkara, kuma kuɗinmu ba yawa. Sati biyu ke nan ina lissafi, kaina ya ɗaure.

Na fara duba bas don ta fi araha. Sai na tarar biyu daga ƙauyukan da za mu je sau ɗaya take shiga a rana, da sassafe. In ta wuce mu sai kwana, kuɗin masauki ya cinye abin da muka rage. Wani wurin ma kilomita 9 ne daga inda take sauke fasinja.

Na koma kan hayar mota. Farashin da na gani a intanet ya yi mini, amma da na zo biya sai ya kusan ninkawa: inshora, kuɗin ƙarin direba, da kuɗin mayar da motar a wani gari daban. Ga kuma kuɗin jingina da za su riƙe a kati har mu dawo. Abin da ya fi damuna, sharaɗinsu ya ce inshorar ba ta biyan ɓarnar taya ko ƙasan mota a hanyar da ba kwalta, alhali rabin hanyarmu burji ce.

Ga wanda ya taɓa irin wannan tafiya: in muka ɗauki mota kwana 2 kacal don wuraren da bas ba ta kaiwa, sauran kwanakin mu bi bas, zai fi mana sauƙin kuɗi a kan riƙe motar kwana 6?