Abin da na tsinta a hirar masu kwamfuta a Agege

Jiya bayan Magariba muka zauna da samarin da ke gyara a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, maganar ta taso ne saboda ni Windows nake amfani da ita, ƙanina kuma Mac, kullum filash sai ta ba mu ciwon kai. Ashe matsalar fomatin ce, wato tsarin da filash ke bi wajen ajiye fayil, irin su NTFS da FAT32 da exFAT. Suka ce in NTFS ce Mac zai karanta amma ba zai iya ajiye komai a ciki ba, FAT32 kuma ba ta ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, to a mayar da ita exFAT kowa ya huta, amma fa a kwashe kaya tukuna don fomatin na share komai.

Manhajoji kuwa LibreOffice ta rubutu da lissafi, da VLC ta kallon bidiyo, da Firefox ta shiga intanet duk suna tafiya a Windows, Mac har Linux, kuma kyauta. Wanda ya fi min daɗi Keyman, manhajar kibod, saboda rubuta ɓ da ɗ da ƙ ɗinmu.

Maganar sayen firinta kuwa, wani dattijo a cikinsu ya ce Malam kar ka biya sai ka je da laftof ɗinka Ikeja an jona ta fitar da takarda a gabanka.