Wa ya taɓa kai ruwan gidansa gwaji?

Maman yara: Salamu alaikum jama'a, don Allah wa ya taɓa kai ruwan rijiya ko na tanki a gwada? Namu garau yake, ba wari ba komai, amma gudawa ta ƙi barin yarana, likita ya ce mu duba ruwan.

Uwar 'yan biyu: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kar hasken ruwa ya ruɗe ki, namu ma haka yake, da aka kai ɗakin gwaji sai ga E. coli, wani nau'in ƙwayar cuta da ke fitowa daga bayan gida, ashe ramin masai bai fi taku goma da rijiyar ba, da damina sai ya riƙa tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa. Mai gwajin ya ce a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ko kaɗan kar a same shi a mililita 100, kuma ana so a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Kwalbar ma su za su ba ki tasu, ba ki ɗauraye gora ki ɗebo ba, a kai a ranar, cikin sanyi.

Tsohon ma'aikacin ruwa: Hajiya ni na daɗe a matatar ruwa, kullum muna auna kulorin, maganin da ake zubawa ya kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, amma abin da ya bar matata daban, abin da ya iso famfonki daban, bututu ya tsage kusa da kwata, a ɗauke ruwa ƙarfinsa ya faɗi, sai ya zuƙo ƙazanta. Shi ya sa ake so ragowar kulorin ya kai miligiram 0.2 a lita a bakin famfo, in kin ji ɗan warinsa ki daina tsaki. Tankin kan rufi kuwa ba hukumar da za ta hau ta wanke miki. Yaushe rabonki da shi?

Maman yara: Wallahi tunda aka ɗora shi, abin kunya. To in na tafasa shikenan?

Manomi: Ƙwayoyin cuta kam eh, ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Amma mu sinadarin naitiret aka samu, ya haura miligiram 50 a lita saboda taki, shi tafasawa ƙara shi ma take tunda ruwan ne ke tafiya a tururi. Hana mu aka yi dama wa jariri madara da shi.

Maman yara: Tabɗi, ga goyo a bayana. Gobe in sha Allah zan je karɓo kwalbar, tankin kuma babansu zai hau.