Neman shawara: matata na son a sa wa ɗanmu suna Cuthbert

Baban Jariri

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Newcastle, arewacin Ingila. Matata Baturiya ce, kuma Allah ya sauke ta lafiya shekaranjiya, an samu namiji. Tana son a sa masa sunan mahaifinta da ya rasu bara, wato Cuthbert. Ni dai in ban da a bakin surukina ban taɓa jin mai wannan suna ba. Daga ina ya fito, me yake nufi? Akwai abin da ya saɓa wa addini a cikinsa? Har yanzu ana sa wa yara shi, ko dariya za a riƙa yi wa yaron a makaranta? Saura kwana biyar suna, ga Hajiya a gida tana ta bugo waya a faɗa mata sunan da za a raɗa.

Malamin Turanci

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Sunan na tsohon Turanci ne, wanda ake magana da shi a Ingila kafin shekarar 1066. Kalmomi biyu aka haɗa: cuth, ma'ana sananne, da beorht, ma'ana mai haske. Wato sananne mai haske. In kana son ka yi wa Hajiya bayani a taƙaice, ka ce mata kamar a haɗa Ma'aruf da Munir ne a suna ɗaya. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce dai ke wutsiyar Albert da Robert da Herbert, shi ya sa duk ake iya yanke su a ce Bert ko Bertie.

A ma'anar kalmomin babu gunki, babu bautar wani. Amma abin da ya raya sunan har ya kawo yau mutum ɗaya ne, wani waliyyin Kiristoci na yankin da kake zaune. An haife shi wajen shekarar 634, ya yi zaman sufanci a tsibirin Lindisfarne, aka naɗa shi bishof a 685, ya rasu ranar 20 ga Maris, 687. Da hare-haren Vikin, mayaƙan teku daga arewacin Turai, suka tsananta, sai mabiyansa suka ɗauki akwatin gawarsa suka bar tsibirin a 875, suka yi ta yawo da shi, daga ƙarshe a 995 suka kafa mazauni a Durham. Babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa a 1093, don kabarinsa aka gina ta. Daga inda kake, a jirgin ƙasa bai kai minti 20 ba.

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, sunaye irin su William da Richard da Henry suka shanye na gargajiya, yawancinsu suka mutu murus. Cuthbert ya tsira a arewa saboda wancan kabari. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a samu dattijo ɗan Newcastle da shi. Cuthbert Collingwood, mataimakin Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya, a yaƙin ruwa na Trafalgar a 1805, haifaffen garinku ne.

Uwar Biyu

Malam ya faɗi daɗin, bari ni in faɗi ɗacin, tunda tambayar makaranta ka yi. Ɗan'uwa, a kunnen Baturen yau sunan nan na tsofaffi ne, tsofaffin ma na da can. Ba zagi ba ne, amma yana sa murmushi, kuma murmushin yana da tushe.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani mai zanen barkwanci a wata jaridar Landan ya riƙa kiran samarin da suka laɓe a ofisoshin gwamnati don gudun zuwa fagen daga da suna Cuthbert. Kalmar ta kama, ta zama kamar a ce rago ko matsoraci, kuma sunan bai murmure daga wannan ba. Yaran yanzu ba su san wannan labari ba, amma sun san wani: kek ɗin kantin Aldi mai siffar tsutsa, sunansa ke nan. A 2021 kamfanin Marks & Spencer ya kai Aldi kotu kan cewa ya kwaikwayi nasa kek ɗin mai suna Colin, aka yi ta raha a kafafen sada zumunta har suka sasanta a 2022. Kek ne na bikin ranar haihuwar yara. To ka ga duk ɗan aji ɗaya ya san shi, kuma ranar farko da malama ta kira rajista za a samu mai cewa ga tsutsa nan.

Sai kuma gajeren sunan. A arewacin Ingila ana yanke shi a ce Cuddy. Akwai ma agwagwar teku da mutanen Northumberland ke kira agwagwar Cuddy, don ana cewa waliyyin ya hana a taɓa su a tsibiran Farne. Wannan da daɗi. Sai dai a bakin mutanen Sikotilan da na kan iyaka, cuddy jaki ne ko ɗan doki. In har za a sa sunan, ku riga kowa zaɓar abin da za a riƙa kiransa, ku kafa Bertie tun yana goye, kafin 'yan makaranta su zaɓa muku.

Ɗan Ƙididdiga

Kan yawan masu sunan, ba sai ka dogara da jin kowa ba. Hukumar ƙididdiga ta ONS tana fitar da jerin sunayen jariran Ingila da Wales kowace shekara, kuma akwai cikakkun alƙaluma tun daga 1996. Ka sauke jadawalin maza, ka nemi sunan. Abu biyu ke ruɗa mutane. Duk sunan da bai kai jarirai 3 ba a shekara, ba a buga shi, don kare sirrin iyalai. In ka duba wata shekarar ba ka gan shi ba, ba kuskure ba ne, ƙarancin ne ya kai haka. Na biyu, sunan farko kawai suke ƙirgawa, ba sa lissafa na tsakiya, kuma a tsakiya ne irin waɗannan sunayen kakanni suka fi fakewa.

Cuthbert bai ko kusa da ɗari na farko. Wasu sunayen tsofaffi sun dawo yayi, Arthur da Alfie da Albert duk ana sa su yanzu, shi kuwa bai biyo su ba. Abin da zai ba ka dariya: a 2023 sunan da ya fi kowanne yawa a tsakanin jarirai maza a Ingila da Wales shi ne Muhammad. Wato a ajin ɗanka, sunan da ka taho da shi daga gida zai fi na kakansa Bature zama sananne.

Malam na Zaure

Allah ya raya shi bisa sunna. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce suna ya kasance mai kyakkyawar ma'ana, kada ya nuna bauta ga wanin Allah, kada ya zama abin da yaro zai ji kunyarsa. Ba sharaɗi ba ne sai na Larabci. Tanko da Gambo da Ɗanjuma duk namu ne. Ta ma'ana, sananne mai haske bai da aibi. Inda za ka ji an ja shi ne wasu malamai na ƙyamar sunan da ya keɓanta da manyan wani addini, kuma wannan, kamar yadda Malamin Turanci ya nuna, da waliyyinsu aka san shi. Niyyarku dai sunan kaka ce, ba ta waliyyi ba.

Shawarata, ka raba abin biyu. Sunan yanka, wanda za a raɗa masa ranar bakwai a yanka rago a kansa, ya zama na Musulunci. Sunan surukinka ya zo na biyu a takarda. Kada ka yi wa matarka gardama a kan asalin buƙatar, domin abin da ta nema al'adarmu ce tsantsa: a mayar da sunan mahaifi. Ka ma gaya mata yadda muke yi, cewa yaron da ya ci sunan kaka ba a kiransa gatsal, sai a sakaya a ce Abba ko Baba ko Khalifa. In ta ji cewa ɓoye sunan girmamawa ce a wurinmu, ba za ta ɗauka ana gudunsa ba ne.

Uwar Biyu

Malam, na yarda, amma a ƙara da batun furuci. Tsakiyar sunan akwai sautin da ake sa harshe tsakanin haƙora, irin harafin farko na thalatha in an karanta da tajwidi. A kudu suna cewa Kath-bat, mutanen Newcastle kuma Kuth-bat, ba a jin r ɗin. Hajiya da gwaggonni ba za su yi wannan wahala ba. Kasbat za su ce, ko Kutubatu, kuma duk wanda ya fara fita daga bakin babbar gwaggo shi zai zauna har yaron ya yi gemu.

Mai Aikin Takardu

Ni ta ɓangaren rajista zan yi magana, don nan ake yin kuskuren da ke cin kuɗi. A Ingila da Wales kana da kwana 42 daga ranar haihuwa ka yi wa yaro rajista, a Sikotilan kwana 21. Ka ga ranar suna ba ta takura ka ba: ka yi suna ranar bakwai, sannan ka je ofishin rajista na ƙaramar hukumar da aka haife shi, bayan ka kama lokaci ta waya ko intanet. Tunda kuna da aure, ɗayanku ma ya isa. Ka riƙe fasfo da takardar aure, da jan littafin lafiyar jariri in an ba ku.

Kafin ka sa hannu, jami'in zai nuna maka abin da ya rubuta. Ka karanta harafi bayan harafi. Gyara bayan sa hannu sai an cika takarda an biya, kuma ba a goge kuskuren, a gefe ake rubuta gyaran. Ka karɓi cikakkiyar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen iyaye, ita ake nema wajen fasfo, ba gajerar ba. In daga baya kuka sake shawara kan sunan farko ko na tsakiya, akwai damar canzawa cikin wata 12 da yin rajista. Bayan nan sai ta hanyar takardar canjin suna, ita kuma asalin takardar haihuwar tana nan yadda take.

Babban tarkon shi ne fasfo biyu. Ofishin fasfo na Birtaniya yana son sunan da ke fasfon wata ƙasa ya zo daidai da nasu. Kada ka rubuta Muhammad Cuthbert a nan, sannan wajen fasfon Najeriya da lambar NIN ka yar da na tsakiyar don kada dangi su gani, ko ka bari a rubuta Mohammed a ɗaya, Muhammad a ɗaya. Jeri ɗaya, rubutu ɗaya, ko'ina. Kuma in sunan yankan ko na mahaifinka yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ka sani ba za su fito a fasfo ba, k da d da b za a buga, don haka ka rubuta su haka tun a rajista.

Baban Jariri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da ita yanzu. Munir za a raɗa masa, Cuthbert a tsakiya, ita za ta riƙa ce masa Bertie. Na kama lokacin rajista ranar Talata ta sama. Hajiya kuma tuni ta ce ita Abba ta sani.