Ka baro Legas don hoton tsauni, ka tarar hazo ya rufe shi: yaya kuka yi?

Mai studiyo a Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ina neman duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya yi. Mu nan Legas ba mu da tsauni, daga ruwa sai gada sai bene. Duk mai son hoton duwatsu na baƙi-da-fari dole ya tara kuɗin mota, ya rufe shago, ya kama hanya. A watan Janairu na je tsaunukan Shere da ke gabashin Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Hazon hunturu na tarar, sama da dutse duk sun koma toka-toka. Da na dawo na buɗe hotunan a kwamfuta, babu baƙi na sosai, babu fari na sosai, sai dishi-dishi. A hoton kala launi kan rufa wa mutum asiri, amma a baƙi-da-fari in haske da inuwa ba su rabu ba, to ba ka da hoto. Yanzu Mambila nake shiri. In jira damina ne, ko akwai dabara?

Dattijo daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun zamanin da muke wanke fim a ɗaki mai duhu wannan matsala take. Abin da aka fara koya mana shi ne filta, wato gilashi mai launi da ake ɗorawa a gaban gilashin kyamara. Mai ruwan ɗorawa tana ɗan duhunta sama, ja kuma tana mai da shuɗin sama kusan baƙi, gajimare ya fito fes. Da jar filta Ansel Adams ya ɗauki dutsen Half Dome na Yosemite a Amurka a 1927, shi ya sa saman hoton ya yi baƙi wuluk, fuskar dutsen ta tsaya da kwarjini. Sai dai ita jar tana cin haske sosai, sai ka ninka lokacin da idon kyamara yake a buɗe kamar sau takwas, don haka ba a rabuwa da ƙafar kyamara.

Ga inda za ka lura. Filtar tana aiki ne idan akwai shuɗi a sama da za ta tare. Hazonmu ƙura ce daga Sahara, fari-fari take, wani lokaci ma ja-ja. Na ɗora jar filta a gindin dutsen Wase cikin tsananin hunturu, abin da ta ƙara mini kaɗan ne ƙwarai. Ni dai shawarata, in tsauni mai kaifi kake so, ka je ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin ruwa ya wanke sama kuma iskar arewa ba ta taso ba.

Wata 'yar'uwa daga Obalende:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a kan filta. Amma ni ban yarda hazo ɓata hoto kawai yake yi ba. Hoton da na fi ƙauna cikin duk aikina a hazo na ɗauke shi, a Idanre ta jihar Ondo, cikin Disamba. Na hau matakalar tun da asuba. Da gari ya fara wayewa sai na ga duwatsun sun jeru baya da baya, na kusa baƙi ƙirin har ana ganin zanen da ruwa ya bari a jikinsa, na bayansa ya ɗan yi haske, na bayan wancan ya fi shi, har na ƙarshe ya narke cikin sama. Hazon ne ya raba su. Ranar da sama ta yi garau duk sukan manne da juna, ba ka gane wanne ne kusa wanne ne nesa.

Abu biyu na yi. Na cire gilashi mai faɗi na sa mai zuƙowa, wajen milimita 200, na yanke sama na bar mata ɗan siriri. Sannan na tabbatar akwai abu baƙi sosai a gaba, wata busasshiyar bishiya ce da ta fito daga tsagin dutse. Da ido ya sami baƙi ɗaya da zai dafa, sauran tokar sai ta zama nisa.

Yayana na Agege, duba ma'aunin hasken kyamararka kuma. Shi duk abin da ya gani so yake ya mai da shi toka ta tsakiya, wato mataki na biyar a tsarin auna haske mai matakai 11, daga baƙi zuwa fari, da Adams da Fred Archer suka tsara. In ka bar shi da hazo, zai dusashe maka shi. Ƙara haske da mataki ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi, ka riƙa duba histogiram, zanen da kyamara ke nunawa na yawan haske da duhu a hoton, kada farin ya ƙone. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi ba da damar gyara a kwamfuta.

Haifaffen Gembu, mazaunin Alaba Rago:
Malam, tunda garinmu za ka, bari in sa baki. Abin da zai rufe maka dutse a Mambila ba irin na Jos ba ne. Tudun ya kai kimanin mita 1,600, kuma abin da ke kwanciya a kwaruruka da safe raɓa ce da gajimare, ba ƙura ba. Shi tafiya yake. Na sha tsayawa a kan tudu kusa da Nguroje ban iya ganin saniyar da nake jin numfashinta ba, kafin in gama shan shayi ya yage, tudu ya bayyana da layin itatuwan turare a kansa, can kuma ya sake rufewa. Saboda haka ka kafa kyamara, ka daidaita komai, ka zauna. Wanda ya naɗe kaya ya koma masauki shi ne ya yi asara.

Daga Jalingo za ka bi Bali, ka wuce Serti, a Mayo Selbe hawan zai fara. Ka roƙi direba ya tsaya maka a inda ya ga babu haɗari, don kallon da ke bayanka a wannan hawan ya isa hoto.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ciyawarmu kore ce shar, hanyoyinmu jar ƙasa ne, a ido sun bambanta ƙwarai, amma a baƙi-da-fari sukan fito toka iri ɗaya, hanyar ta ɓace. A nan jar filtar Baba za ta yi maka rana, ta haska hanyar ta duhunta ciyawar. In dijital ne, a kwamfuta ka ɗaga ja ka sauke kore. Sanyi yana shanye batir, ka sa na ajiya a aljihun ciki. Kuma kafin ka nuna kyamara ga garke ko ruga, ka yi sallama ka nemi izinin mai shanun.

Mai gyaran kyamara a Ikeja:
Ni kayanku nake gani bayan kun dawo. Kada ku canza gilashi a fili cikin iskar hunturu. Ƙurar da ta hau sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ba ta nuna kanta sai ka matse idon gilashi ya zama ƙarami, kamar lamba f/16, sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama, kuma a hoton hazo ba su da wurin ɓuya. Wanda ya je Mambila kuwa, kada ya dawo ya kulle jaka da danshinta. Laimar Legas kaɗai ta isa ta sa gilashi ya yi fumfuna. A shanya kaya a inuwa, a ajiye da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi.

Mai studiyo a Agege:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Hajiya, na koma kan hotunan Shere na ɗaga farin kamar yadda kika ce, akwai waɗanda suka farfaɗo, musamman inda wani dutse ya tsaya a gaba. Ɗan'uwa na Gembu, in na kai can zan iya wucewa Chappal Waddi?

Haifaffen Gembu:
Za ka iya, in ƙafarka da ƙirjinka sun yarda. Shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Ba a shiga haka nan, sai ka bi ta hukumar gandun, hedikwatarta na Serti, su haɗa ka da jami'an rakiya. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, da kwana a daji. Cikin marka koguna kan cika, hanya ta yi santsi, don haka ka bari ruwa ya ɗauke. Ka rage kaya, gilashi biyu da ƙafar kyamara mara nauyi sun isa. Kafin ka sayi tikitin mota ka tuntuɓi ofishin ka ji halin hanya da na tsaro a lokacin.